Dan Allah masu aiki da FreeSurfer, layin fiyal yana haɗiye dura kuma na saka ɗigon kwantrol abu ya ƙara lalacewa

Yar_Anatomi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah ina neman taimako wlh kaina ya ɗau zafi, sati na uku kenan ina abu ɗaya kamar mai daka ruwa a turmi.

Ina digiri na biyu ne a anatomi, aikina a kan kaurin ɓawon ƙwaƙwalwa a tsofaffi masu mantuwa da waɗanda lafiyarsu ƙalau, to tunda hotunan MRI ɗin da ake samu a asibitocinmu yawanci yanka ne mai kauri ba sa shiga FreeSurfer, manhajar da ke auna kaurin daga hoton MRI, sai sufabaizana ya ce in sauko da kundin hotunan MRI na OASIS na farko, wancan na jami'ar Washington da ke St. Louis mai mutum 416, na zaɓi 60 a ciki, 30 masu alamar mantuwa 30 lafiyayyu, duk sun haura shekara 60. FreeSurfer 7 nake amfani da shi a kan Ubuntu, laftof ɗina mai ram 16 ne, kowane mutum ɗaya recon-all, umarnin da ke gudanar da duka aikin, yana cin wajen awa tara in ba a ɗauke wuta ba.

Duk sun gama, ƙarshen log ya ce an gama ba kuskure, ni kuma na yi murna na fitar da tebur har na fara lissafi. Sai wata rana kawai na ce bari in buɗe mutum ɗaya a freeview, manhajar kallon hotunan, in gani da idona, ai kuwa sai na ga abin da ya hana ni barci. Jan layin nan na fiyal da ya kamata ya tsaya a bakin ƙwaƙwalwa ya fita ya kewaye wani farin siririn abu a saman kai kusa da tsakiya, ina jin dura ne, wato fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ko jijiyar jinin nan babba, sannan a gaban tamforal, sashen ƙwaƙwalwa na wajen kunne, can ƙasa shuɗin layin farin sashe ya yanke ya bar wani yatsa guda na farin sashen a waje, fiyal ɗin ma ya bi shi ya yanke, wato guntun ƙwaƙwalwa sukutum ba a ƙirga shi ba. Na buɗe wasu goma, bakwai suna da ɗaya daga cikin biyun.

Na kalli bidiyo a YouTube aka ce ɗigon kwantrol ke gyara tamforal, na zauna na zuba ma mutum ɗaya ɗigo sun fi 200 duk inda na ga layin bai yi min ba, na sake gudanarwa, da ya fito sai shuɗin layin ya kumbura ya shige cikin tokar, wato ɓawon da ke tsakanin layukan biyu, har yana neman taɓa jan, kaurin tamforal na wannan bawan Allah ya faɗi ƙasa sosai. Akwai kuma mutum ɗaya da tun farko ya maƙale a wajen da ake rubuta CORRECTING DEFECT kusan kwana guda sai da na kashe shi da kaina.

Tambayata, daga ina ake fara gyara? kuma dole sai na gyara duka 60 ɗin yanka bayan yanka? dan in haka ne gaskiya ba ranar gamawa. Na gode Allah ya saka.

Dakta_Jijiya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ki gode Allah da kika buɗe kika duba, da yawa ba sa buɗewa, su ga an rubuta ya gama ba kuskure shikenan sai tebur sai takarda. Wannan rubutun na ƙarshen log ma'anarsa kawai manhajar ba ta faɗi a hanya ba, ba wai layukan suna daidai ba.

Abin da zai sauƙaƙa miki shi ne ki riƙe cewa recon-all jerin gwano ne, kowane mataki yana cin abin da na gabansa ya dafa. Ana fara mayar da hoton akwati mai 256 ta kowane gefe, kowane boksel wato ƙwayar hoton milimita 1, a daidaita haske, a jera kan da taswirar Talairach, a cire ƙoƙon kai a samu brainmask.mgz, daga nan a ware farin sashe a samu wm.mgz, a kan wm.mgz ɗin ake saƙa ragar farko, a toshe hujojinta, a samu layin fari, sannan a tura ragar waje har inda toka ta ƙare ruwa ya fara, wannan ne fiyal. To kin ga fiyal ɗa ne ga layin fari, layin fari kuma ɗa ne ga wm.mgz. In kin ga kuskure a fiyal kar ki fara da fiyal, ki koma baya ki ga a ina aka haife shi. Matsalolinki biyu ba dangi ba ne, kowace da maganinta.

Ta saman kai tukuna dan ita ce mai sauƙi. Dura ce, ko kuma babbar hanyar jinin da ke bin tsakiyar kai, a T1, nau'in hoton MRI da kike aiki da shi, haskensu yana kama da na toka shi ya sa ragar take ɗauka ɓawo ne ta ci gaba da tafiya. Ki buɗe brainmask.mgz da T1.mgz da layukan huɗu, ki danna kan brainmask a jerin hagu ki tabbata shi ne a zaɓe dan wlh na taɓa share rabin awa ina goge T1 ban sani ba, ki shiga Recon Edit, ki riƙe shift kina danna linzami kina goge durar da ta shiga cikin jan layin. Za ki ga magogin yana saka 1 ne ba 0 ba, da gangan ne, da haka manhajar ke gane hannun mutum ne ya taɓa wajen ta bar miki gyaranki in kin sake gudanarwa. Kuma ba duk durar da ke cikin brainmask za ki bi kina gogewa ba, wadda layin ya haɗiye kawai, sauran da ke waje da layi ba ruwanki da ita ba ta shiga lissafin kauri. Ki adana sai ki ba shi

recon-all -autorecon-pial -subjid sunan_mutum

wannan ba ya cin awa tara. Abu ɗaya, in abin da fiyal ya haɗiye ƙaramar ƙwaƙwalwa ce ta ƙeya, wato a ƙasan oksifital inda suke manne, kar ki goge ta a brainmask dan za ki ɓata ƙirgan girmanta a aseg, fayil ɗin da ke ware sassan cikin ƙwaƙwalwa, sai ki kwafi brain.finalsurfs.mgz ki sa masa suna brain.finalsurfs.manedit.mgz ki yi gogen a can.

In kuma kin ga cire ƙoƙon ne ya lalace gaba ɗaya, ya bar ƙashi guntu-guntu ko ya ci ƙwaƙwalwar kanta, kar ki wahalar da kanki da hannu. Akwai lambar wsthresh, asalinta 25, in kin ɗaga ta zuwa 30 ko 35 yana rage ci, in kin sauke ta yana ƙara ci

recon-all -skullstrip -wsthresh 35 -clean-bm -subjid sunan_mutum

amma ki lura clean-bm ɗin nan yana zubar da duk gyaran hannun da kika yi ma brainmask, dan haka shi ake fara yi kafin a ɗau magogi, kuma bayansa sai an sake autorecon2 da autorecon3.

Yanzu tamforal. Kafin ki saka ɗigo ko ɗaya ki ɗora linzami a kan yatsan farin sashen da aka bari a waje ki karanta lambar haskensa a ƙasa. FreeSurfer yana mayar da farin sashe 110, duk lissafinsa a kan wannan yake. A gaban tamforal da ƙasan goshi hasken yakan dusashe, farin sashen kuma siriri ne, sai ki ga yana karanta 85 ko 90, manhajar ta ce wannan ai toka ce ta watsar. Ɗigon kwantrol ba alƙalami ba ne da ake zana inda ake so layi ya bi, wannan ne kuskuren da kika yi kuma kusan kowa ya taɓa yinsa har ni. Ɗigon yana cewa manhajar ne "wannan boksel ɗin farin sashe ne tsantsa, ɗaga shi ya zama 110", ita kuma in za ta ɗaga shi sai ta ɗaga maƙwabtansa duka. To ki ɗauka kin saka ɗigo a kan toka mai haske 70, kin ce a mayar da 70 ya zama 110, ai duk unguwar ta yi fari fat, shuɗin layi ya kumbura, kauri ya faɗi. Abin da ya faru da mutuminki kenan.

Ki share control.dat ɗin nan da ke cikin tmp ki fara sabo. Ɗigo kaɗan, a tsakiyar farin sashe ba a bakinsa ba, inda lambar ke ƙasa da 110 amma ba ta yi ƙasa can ba, ni dai in ta gaza 80 ba na sakawa, kuma ki duba wajen ta koronal da sajital da aksiyal, wato fuskokin yanka duka ukun, ki tabbata ba gefen toka kika taɓo ba dan abin da ya yi kama da tsakiya a yanka ɗaya yana iya zama baki a ɗayan. Ki warwatsa su a yanka daban-daban kamar mai shuka ba kamar mai zuba gishiri ba. Inda ya riga ya kai 110 ɗigo ba ya ƙara komai. Sai

recon-all -autorecon2-cp -autorecon3 -subjid sunan_mutum

In kuwa hasken wajen lafiya lau yake amma wm.mgz ne ke da rami, to wannan ba aikin ɗigo ba ne, cikewa za ki yi da hannu a wm.mgz, burushin yana saka 255 magogi yana saka 1, sai ki gudanar da -autorecon2-wm -autorecon3. Tunda tsofaffi gare ki za ki ci karo da wannan da yawa, tabon nan na farin sashe da ke fitowa fari a hoton MRI nau'in FLAIR amma a T1 duhu yake, in yana kusa da ɓawo sai shuɗin layi ya nutse ya kewaye shi kamar toka ce. Ki cike shi da 255 kawai, kar ki kuskura ki saka masa ɗigo.

Mutumin da ya maƙale a DEFECT kuma kusan kullum wani ƙaton abu ne ya manne a wm.mgz, guntun ƙoƙo ko kitsen bayan ido ko ƙaramar ƙwaƙwalwa da ba a yanke ba, ko kuma kogon ruwan cikin ƙwaƙwalwa ya yi girma ba a cike shi ba. Ki buɗe wm.mgz ɗinsa da lh.orig.nofix da rh.orig.nofix za ki gani da ido ba sai an nuna miki ba.

DanSikana:

Dakta ya gama magana ai, ni dai a ɗakin sikana nake ba mai bincike ba amma bari in tsoma baki. Malama in da hoton MRI nau'in T2 ko FLAIR mai siririn yanka a bayananki ai da kin huta da rabin gogen nan, ana ba shi -T2 da sunan fayil sai a ƙara -T2pial, dan a T2 dura baƙa ce ruwa kuma fari tas, manhajar tana ganin iyakar da T1 ya ɓoye mata.

Na biyu maganar wuta tunda kin ambata, in aka ɗauke yana tsakiyar aiki kika kunna ya ce miki wai yana gudana alhali ba abin da ke gudana, ki shiga scripts ki goge IsRunning.lh+rh, ki leƙa recon-all-status.log ki ga inda ya tsaya ki ɗora daga babban matakin ba sai kin koma farko ba. Kuma ki riƙa saka -parallel ko -openmp 4 yana rage lokaci, sai dai laftof zai yi zafi kamar dutsen guga ki ɗaga shi daga kan katifa.

Sannan wani abu da mu muke gani kullum, tsoho mai mantuwa ba ya kwanciya shiru a cikin injin, minti biyar ɗin nan sai ya motsa ya haɗiyi yawu ya juya, hoton ya fito da zobe-zobe kamar an jefa dutse a ruwa. Irin wannan ko kwana za ki yi kina gyara ba zai gyaru ba dan iyakar toka da fari ta riga ta narke tun a injin.

Yar_Anatomi:

Dakta Allah ya ƙara ilimi ya ji ƙan mahaifa, wlh yanzu na gane, ni duk zatona ɗigon kamar turaku ne layi zai bi. Na koma na duba wasu daga cikin ɗigona akwai masu 65 da 72, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Na share na saka 14 kacal yana gudana yanzu.

Wanda ya maƙale kuwa na buɗe, a hagu ƙasan goshi wani dogon abu ne ya taso daga bayan ido ya manne da farin sashe kamar gada, na goge shi a wm.mgz.

Malam DanSikana na gode, sai dai wannan kundin T1 ne zalla babu T2, sikana mai tesla 1.5 ce, amma kowane mutum an ɗauke shi sau uku ko huɗu a zama ɗaya, ni na farkon kawai na ba shi, ko in haɗa su duka?

Sai dai har yanzu tambayata ta biyu tana nan, mutum 60 kowanne yanka sun fi ɗari, kuma gaskiya da na fara dubawa yanzu komai ma gani nake kamar kuskure ne, musamman can tsakiya wajen hifokamfas da amigdala layukan sun yi wani irin hauka suna shiga suna fita.

Hajiya_Mai_Lissafi:

Ƴata bari in shigo ta nan dan wannan tambayar ta fi ta farkon muhimmanci, kuma Dakta ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, ba a kan yadda ake gyaran ba, a kan yawansa.

Wajen hifokamfas da amigdala da bangon tsakiya inda ɓangarorin biyu suka haɗu ki rufe ido ki wuce, ba a auna kauri a nan, waɗancan girmansu daga aseg ake ɗauka ba daga raga ba, layin dole ne ya bi ta wani waje dan ragar ta rufe shi ya sa kike ganin hauka.

Abin da ke damuna shi ne kin san waye mai mantuwa waye lafiyayye a lokacin da kike riƙe da magogi. Ɓawon nan gaba ɗayansa matsakaicin kaurinsa wajen milimita 2.5 ne, bambancin da kike nema tsakanin rukunin biyu ɗan ɓangare ne na milimita, boksel ɗinki kuma milimita 1 ne cur. To hannunki kaɗai ya isa ya ƙirƙiro bambancin ko ya shafe shi, ba da mugun nufi ba, kawai in kin san wannan mara lafiya ne za ki fi zura ido ki fi gogewa. Ki ba wani abokin karatunki ya canza ma mutanen suna zuwa lambobi ya riƙe makullin a wajensa, ya cakuɗa jerin, sai kin gama gyara duka ya ba ki.

Sannan ki rubuta doka kafin ki fara, a takarda. Misali ba na taɓa kuskure sai ya bayyana a yanka kaza a jere, ke za ki zaɓi adadin da sufabaizanki amma in kin zaɓa ya hau kan kowa. Ki buɗe tebur ki rubuta wa aka gyara, me aka yi masa, ɗigo nawa, wa aka fitar kuma saboda me. Kuma kafin ki taɓa kowa ki kwafi fayil ɗinsa gaba ɗaya ki ajiye, dan a ƙarshe ki yi lissafin sau biyu, da gyara da babu gyara, in sakamakon ya tsaya a duka biyun kin samu abin da za ki kare a gaban kowa, in kuma sai da gyara yake fitowa to ki san da sake.

An yi nazarce-nazarce da suka gwada bayanan da aka gyara da hannu da waɗanda ba a taɓa ba, abin da aka fi samu shi ne a matakin rukuni sakamakon bai cika canzawa sosai ba, inda ake ganin tasirin a ƴan yankuna ne. Abin da ya fi gyara tasiri shi ne fitar da hoton da ya lalace. Maganar DanSikana ta motsi ba ƙarama ba ce, Martin Reuter da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa motsin kai a cikin sikana yana sa kauri da girman toka su fito ƙasa da yadda suke, to in marasa lafiyarki sun fi motsi kin ga za ki samu "ɓawonsu ya fi siriri" ko da rabin abin motsi ne ba cuta ba.

Akwai awo mai sauƙi da zai nuna miki su waye za ki fara dubawa. Ragar kowane ɓangare ya kamata ta zama kamar ƙwallo mara huji, lambar Euler ta ƙwallo 2 ce, kowane huji yana rage 2. Ki gudanar da mris_euler_number a kan lh.orig.nofix da na dama, lallai nofix dan bayan an toshe kowa 2 zai ba ki, ko ki duba SurfaceHoles a cikin aseg.stats. Ki jera mutum 60 ɗin daga mai yawan huji zuwa mai kaɗan, na saman su ne abin zargi, kuma ki saka lambar a lissafinki tare da shekaru da jinsi. Ba ta da wata iyaka guda da ta dace da kowace sikana, cikin bayananki za ki ga waɗanda suka fita daban.

Na ƙarshe kar ki canza sigar FreeSurfer ko kwamfuta a tsakiyar aiki, tun 2012 aka wallafa cewa siga daban da tsarin kwamfuta daban suna ba da lambobi daban a kan hoto ɗaya. Da 7 kika fara ki ƙare da 7 a wannan laftof ɗin.

Dakta_Jijiya:

Hajiya ranki ya daɗe ai ba saɓani, makantar da mai gyara wajibi ne na manta ban faɗa ba. Inda kawai zan tsaya a kan bakana shi ne ita tambayarta a tamforal take, entorainal da gaban tamforal nan ne cutar Alzheimer ke fara ci kuma nan ne manhajar ta fi tuntuɓe, sannan mutum 30 da 30 ne ba dubu ba. Masu dubban hotuna irin ƴan ƙungiyar bincike ta ENIGMA suna iya duba hoto su ce wannan yanki ya faɗi a cire shi kawai su wuce, ita in ta cire yanki a mutum takwas me ya rage mata. Dan haka ƙanwata shawarata ki duba kowa, ki gyara kaɗan. Dubawa ba ta wuce minti goma sha biyar in hannunki ya faɗa, koronal daga gaba zuwa baya, ki fi tsayawa a yankunan da ke cikin tambayarki daga yankuna 34 ɗin nan na taswirar Desikan-Killiany, guntuwar dura a saman farayetal da ba za ki ba da rahotonsa ba kar ta cinye miki yini.

Maganar haɗa hotuna ukun, eh ana yi, ki jera -i sau uku zai daidaita su ya ɗau matsakaici, a tesla 1.5 yana rage ƙura. Amma ki buɗe kowanne tukuna, in ɗaya ya motsa ki bar shi dan zai ɓata sauran, kuma in za ki yi haka to kowa da kowa za ki yi ma, wato komawa farko, ki yi shawara da wutar unguwarku kafin ki yanke.

Wani abu kuma da ya faɗo min, fayilolin wannan kundin tsohon tsarin Analyze ne mai img da hdr, shi kuma ba ya ajiye bayanin hagu da dama yadda za a dogara da shi, ki tabbatar yadda kika juya su zuwa mgz bai kifar miki da kai ba, dan ƙwaƙwalwa a ido ba za ki gane an juya ta ba kuma recon-all ba zai yi ƙorafi ba, sai dai kawai duk abin da kika kira hagu dama ne. Ki karanta bayanin da ya zo da kundin kan yadda aka jera hotunan ki gwada da abin da mri_info ya nuna miki.

In kuma cire ƙoƙon ya ci gaba da ba ki wahala a wasu, cikin sigogin 7 na baya-baya akwai mri_synthstrip, ki buga ki ga ko naki yana da shi, yana cirewa tsaf cikin ɗan lokaci. Shi ma dai dokar Hajiya ta hau kansa, ko kowa ko ba kowa.

Yar_Anatomi:

Salam, na dawo da rahoto bayan kwana shida. Mutumin ɗigo 14 ya fito lafiya, yatsan tamforal ɗin ya shiga cikin layi kuma shuɗin bai kumbura ba. Na DEFECT ma ya wuce wajen cikin ƙasa da awa ɗaya bayan na cire gadar bayan idon.

Hajiya na bi maganarki, wata ƙawata ta canza sunayen ta riƙe makullin har tana min dariya wai ko na roƙe ta ba za ta bayar ba. Na jera su da lambar Euler, huɗu sun fita daban sosai, da na buɗe uku a cikinsu zoben nan ne da Malam DanSikana ya faɗa, na koma hotunansu na biyu da na uku, biyu sun samu mai kyau na sake musu daga farko, ɗaya duk hotunansa sun motsa na fitar da shi na rubuta dalili. Na huɗun kuma ba motsi ba ne kogon ruwansa ne ƙato, na cike wm.mgz yana gudana. Sufabaiza ya ce mu tsaya a hoto ɗaya ga kowa kar mu haɗa, saboda lokaci, dokar kawai a ɗau na farko sai in ya motsa a ɗau na gaba.

Hagu da dama kuma Dakta ban gama tabbatarwa ba ina kan karanta bayanin kundin, na dakatar da duk wani lissafi na ɓangare sai na gama. Na duba mutum 22 zuwa yanzu, tara na taɓa, sauran na bar su yadda suke duk da hannuna yana ƙaiƙayi.

Tambaya ɗaya ta rage, akwai wanda ke buƙatar ɗigo da cike wm da gogen dura duka uku, sau uku zan gudanar ko yaya?

Dakta_Jijiya:

Sau ɗaya ya isa, ki yi duka ukun ki adana sai ki fara daga wanda ya fi gaba a jerin wato -autorecon2-cp -autorecon3, zai ɗauki na wm da na brainmask a hanya. Amma ni a irin wannan nakan fara da ɗigon kaɗai in ga abin da ya fito, dan sau da yawa in haske ya daidaita rabin ramukan wm ɗin suna cikewa da kansu, kuma fiyal ɗin ma yana matsawa, kar ki ɓata awa biyu kina goge durar da layin ba zai sake kaiwa gare ta ba. In ya fito ki turo hoton koronal ɗin wajen mu gani.